Siton da Aka Buɗe Kafin Lokaci

Litinin, 7 ga Afrilu, bayan sallar asuba

Yau za a koma aiki. Jiya da yamma Malam Tasi'u manaja ya aiko in gaya wa mata su fito kamar kullum, wai an share sito, an yayyafa ruwa, babu sauran komai. Na bi gida gida a unguwarmu na faɗa. Wasu sun ce to, wasu sun ci gaba da abin da suke yi.

Shekarata shida ina aiki a rumfar tsintar zoɓo ta Alhaji Abdulhadi a nan Tudun Marke, uku daga ciki ni ce mai kula da mata. Mu arba'in da ɗaya ne. Muna tsince zoɓon da ake sayowa daga ƙauyuka, mu cire tsakuwa da ƙirare, a zuba a buhu, a jera a sito a sa masa ƙwayar maganin ƙwari a lulluɓe da tampol. Idan magani ya gama aikinsa, mata su shiga su ɗinka takardar kamfani a bakin kowane buhu, 'yan dako su loda a tirela zuwa Legas, jirgin ruwa ya kai wa masu saye a wata ƙasa. Ban taɓa ganin su ba. Makullin sito a wurina yake.

Na rubuta wannan kafin in fita. 

Ban shiga gidan maƙwabcinmu Sabiru ba.

Litinin, bayan la'asar

Mata goma sha tara suka zo. Faifan Juwairiyya yana nan inda ta bar shi ranar Alhamis, da ragowar zoɓo a ciki. Babu wadda ta taɓa shi, ni ma ban taɓa ba.

Cikin mata biyar da suka shiga sito ranar, Yaya Zulaihatu kaɗai ta zo rumfa yau. Har yanzu tana tari. Ita ce mafi daɗewa a rumfar, ta girme ni da shekara goma sha biyar, mijinta ya rasu tun kafin a kafa wurin. Ba ta yi aiki ba. Ta zauna a kan tabarma ta naɗe hannu har azahar. Da za ta tafi ta tsaya a gabana ta tambaye ni ran nawa aka sa maganin. Na ce ta tambayi manaja. Ta ce ni ta tambaya. Ta jira kaɗan, sannan ta sa takalminta.

Talata, 8 ga wata, da hantsi

Zafi. Mata goma sha shida.

Laraba, 9 ga wata, bayan magariba

An dawo da Juwairiyya daga asibiti a Kano. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da na mijinta Sabiru, don haka na ji tsayawar adaidaita, na ji ana cewa a hankali, a hankali. Kafin su iso uwar mijinta ta kwashe zannuwan goyo da 'yan kayan da aka tara, ta kawo ɗakina ta ce in ajiye mata inda ba za a gani ba. Na sa a ƙarƙashin gado.

Cikin wata bakwai ne, ɗan bai zo da rai ba. Maigidana Halilu yana cikin waɗanda suka kai shi maƙabarta ranar Juma'a. Ya ce namiji ne.

Ni na kai Juwairiyya rumfar bara. Sabiru bai so ba, ni na je na roƙe shi, na ce aikin zaune ne, a inuwa.

Tun Alhamis ba a yi daka a gidan ba. Na aika da kunu.

Alhamis, 10 ga wata, bayan azahar

Malam Tasi'u ya kira ni ofis. Ya kunna fanka ya juyo da ita wajena, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce masu duba daga wajen masu saye za su zo ranar ashirin da huɗu ga wata. Kowace shekara suna zuwa. Ana gobe za su zo mukan fito da kwalin takunkumin hanci da safar hannu mu raba, a kafe wata takarda ta Turanci mai hotuna a bango, a cika randa da ruwa. Su zaga, su yi rubutu, su tambayi mace ɗaya ko biyu a gaban manaja ko akwai matsala, a ce babu. Idan motarsu ta tashi ni nake bi in karɓe takunkuman in mayar kwali.

Ya ce bana labari ya kai musu, bai san ta ina ba, kuma za su so jin bakin mai kula da mata. Abin da zan faɗa shi ne, sito ya yi kwana bakwai a rufe kamar yadda doka ta ce, an buɗe shi ya sha iska, kuma yarinyar zafi ne ya kayar da ita ga azumin sitta shawwal. Ya maimaita sau biyu. Ya ce Alhaji ya san ƙoƙarina.

Na ce to.

Ba azumi take ba. Ɗanwake muka ci tare da safen, a kwano ɗaya.

Juma'a, 11 ga wata, da yamma

Bayan an sauko daga masallaci mata sun taru a gidan Yaya Zulaihatu. Ba a gayyace ni ba. Daga tsakar gidana ina jiyo wucewarsu ta lungu, biyu biyu, uku uku.

Na ɗora miya, na ɗauko tafarnuwa zan daka, sai na mayar da ita. Halilu ya ce miyar ba ta yi kamar ta kullum ba. Na ce tafarnuwa ta ƙare.

Asabar, 12 ga wata, bayan sallar asuba

Yau ma ban shiga gidan Sabiru ba.

Lahadi, 13 ga wata, da hantsi

Saƙon murya yana yawo a wayoyi. Ƙanwar Halilu da ke aure a Bacirawa ce ta turo mini, tana tambaya ko rumfarmu ce. Muryar Yaya Zulaihatu ce, minti huɗu, tana yi tana tari. Ba ta ambaci sunan kowa ba, ba ta zagi kowa ba. Ta faɗi abin da matan suka tsayar.

Ranar da za a sa magani, mata uku da ma'aikata suka zaɓa da kansu su tsaya su gani da idonsu, su sa nasu kwaɗon kusa da na kamfani, ƙofa ba za ta buɗu ba sai da makulli biyu. Duk wadda ta ji wari ta fita, ba sai ta nemi izini ba, kuma ba za a kore ta ba. Mai ciki ba za ta shiga sito ba ko an ce ya huce, a ba ta aiki a waje. Wanda ta fi tsayawa a kai shi ne na ƙarshe: masu saye su ma su sa hannu, su yarda cewa idan aka saɓa, su daina ɗaukar kaya har sai an gyara, kuma su ba da lambar waya da mata za su kira ba ta hannun manaja ba. Ta ce Alhaji ba ya tsoron mace mai faifai, amma yana tsoron ranar da kwantenarsa za ta kwana a Legas babu mai karɓa.

Ta rufe da cewa masu duba na zuwa sau ɗaya a shekara, mu kuwa kullum muna ciki, to wa ya fi sanin abin da ke ciki.

Na saurara sau uku. Na goge. Na ce ƙanwar Halilu ta sake turowa.

Litinin, 14 ga wata, bayan la'asar

Mu shida ne. Sauran sun ce ba za su koma ba sai an zauna da su.

Rumfar ta yi girma. Ana jin ƙarar tsakuwa idan an jefa ta a gwangwani.

Talata, 15 ga wata, bayan magariba

Malam Tasi'u ya tura a-kori-kura biyu Rimin Gado a ɗebo mata. Sun zo wajen talatin. Da suka sauka a bakin get wata dattijuwa a cikinsu ta tambayi mai gadi ko nan ne wurin da ake faɗa a waya. Mai gadi ya ce shi gadi yake yi. Ta ce ta ji. Fiye da rabinsu suka koma cikin mota suka zauna, direba ya yi ta faɗa, daga baya ya mayar da su. Waɗanda suka tsaya ba su iya aikin ba, suna zubar da mai kyau tare da datti. Na nuna musu. Ɗaya ta tambaye ni ina siton yake, na nuna mata, sai ta ja tabarmarta zuwa ɗaya gefen.

An ce wata Malama Ummu Salma daga ƙungiyar ƙwadago ta zo gidan Yaya Zulaihatu da takardunta a buge, irin waɗanda suke kai wa masana'antu. Yaya ta sa aka karanta mata duka, ta ce an gode, amma babu kwaɗo a ciki. Ta ce Malama ta taimaka ta juya nasu zuwa Turanci ba ragi ba ƙari, ta kuma nemo musu hanyar da zai kai ga masu saye. Malamar ta yi dariya ta ce ta yarda.

Laraba, 16 ga wata, da asuba

Halilu ya fara kai taki gona. Ya ce sama ta fara canza launi ta gabas. Ni ban ga komai ba.

Alhamis, 17 ga wata, da yamma

Sati biyu.

Alhaji ya aiko wa dagaci cewa idan mata ba su koma ba zai kwashe rumfar ya kai Shanono, can akwai masu so. Dagaci ya tara maza a ƙofar gidansa. Halilu ya je. Ya ce an yi ta magana a kan cewa gonakinmu sun tsuke, kowa ɗan fegi ne gare shi, hatsi ba ya kai wata shida, kuma rumfar ce ke riƙe da gidaje da rani. Wasu sun ce za su hana matansu zuwa gidan Zulaihatu. Sabiru yana wurin, a gefe, har aka tashi, kuma babu wanda ya iya kallon inda yake.

Na tambayi Halilu shi me ya ce. Ya ce bai ce komai ba. Ya daɗe yana wanke ƙafarsa, sannan ya ce ni na san abin da na gani, shi bai gani ba, kuma ko wanne na zaɓa ba zai bar ni da yunwa ba muddin yana da fartanya. Iyakar maganarsa ke nan a kai.

Juma'a, 18 ga wata, bayan azahar

Liman ya yi huɗuba a kan haƙƙin ɗan ƙwadago, daga nan ya koma kan illar fitina. Halilu ya ce kowa ya fito yana cewa da ɗaya ɓangaren ake.

Asabar, 19 ga wata, da hantsi

Na haɗu da Sabiru a hanyar rijiyar burtsatse. Babu wajen kaucewa, shinge ne hagu da dama. Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa ya mai jiki. Ya amsa yadda ya saba. Ya gode da kunu. Har na wuce ya kira ni, ya ce Juwairiyya tana tambayata, kullum sai ta ce ko Yaya Furera ba ta da lafiya ne.

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Lahadi, 20 ga wata, bayan la'asar

Na shiga.

Tana kwance a ɗaki, ta rame, muryarta ta dushe. Uwar mijinta ta ba ni tabarma ta fita. Muka gaisa. Ta tambayi yara, ta tambayi ko an ɗauke faifanta, na ce yana nan. Ta ce likita ya ce huhunta zai warke amma sai a hankali.  Kaza ta leƙo ta koma.

Sai ta ce, “Yaya, na gan ki fa.”

Na ce me ta gani.

“Da kika buɗe ƙofa kin ja baya. Kin sa bakin mayafinki a hanci. Na gani, amma na ce da akwai wani abu ai za ki faɗa.”

Ba da faɗa ta yi maganar ba. Ba ta tambaye ni dalili ba. Ta juya fuskarta bango ta ce barci take ji, in gaida Yaya Halilu.

Lahadi, bayan magariba

Zan rubuta sau ɗaya.

Litinin aka sa magani, ina tsaye. Alhamis da hantsi tirela ta zo, kwana huɗu kafin ranarta. Malam Tasi'u yana Kano, ya bugo mini waya sau uku. A na farko na ce bai kai ba. A na biyu ya ce jirgi ba ya jiran kowa, idan kwantena ta rasa wannan sai wani wata, kuma Alhaji zai tambayi wanda ya jawo. A na uku ya ce ai zafin nan ya riga ya cinye maganin, in buɗe kawai, in ba zan iya ba akwai masu iyawa. Na buɗe. Warin ya bugo ni, kamar tafarnuwa da ruɓaɓɓen kifi. Na kira mata biyar masu saurin ɗinki. Juwairiyya ta fi kowa sauri, ita ta shige can ƙurya ta yaye tampol. Ni ina bakin ƙofa, wajen iska.

Shi ke nan.

Litinin, 21 ga wata, da yamma

Aiki. Mu tara da 'yan Rimin Gado.

Talata, 22 ga wata, bayan azahar

An shafa wa sito farin fenti. An kawo wani allo mai hoton ƙoƙon kai an kafe a ƙofar. Malam Tasi'u ya sa na maimaita masa abin da zan faɗa, na maimaita daidai. Ya ce madalla. Idonsa ya yi ja, ya ce shi ma yana da 'ya'ya mata, kada in ɗauka yana barci. Na yarda da shi. Na ji yadda ake magana da shi a waya daga sama, irin yadda yake yi da ni ne.

Laraba, 23 ga wata, bayan la'asar

Na raba takunkumi.

A hanyar gida na bi ta lungun Yaya Zulaihatu, ko da yake ba hanyata ba ce. Tana zaune a zaure tana ɓarar gyaɗar shuka. Na gaishe ta, ta amsa. Na tsaya. Ta ce gobe za su zo bakin get da takardarsu, ba za su yi hayaniya ba, amma ta san za a shigar da baƙin ta ƙofar baya. Ta ce ba ta roƙo na komai. Ta miƙo mini gyaɗa cikin tafin hannu, na karɓa na tafi.

Alhamis, 24 ga wata, da yamma

Ta ƙofar baya aka shigar da su. Mutum biyu ne, wani Bayarabe mai gilashi daga Legas da wata budurwa 'yar Zariya mai fassara. Sun zaga rumfa, sun ɗauki hoton randa, sun ɗauki hoton allon ƙoƙon kai. Daga nan aka kira ni ofis. An ajiye waya a kan tebur, wata Baturiya tana saurare daga can ƙasarsu. Malam Tasi'u ya zauna kusa da ƙofa.

Sun tambayi sunana, shekarata nawa a aiki, ko ana ba mu hutun sallah, ko akwai banɗaki na mata. Na amsa. Sai mai fassara ta ce ana so a san kwana nawa sito ya yi a rufe kafin ranar da abin ya faru.

Na ce, “Uku.”

Ta dube ni, ta dubi manaja. Ta ce a hankali, da Hausa, ko na fahimci tambayar.

Na ce, “Litinin aka sa, Alhamis na buɗe. Ni na buɗe da hannuna, kuma na ji warin kafin in tura su.”

Ta juya musu da Turanci. Mai gilashi ya daina rubutu. Baturiyar ta yi wata magana, aka ce tana tambaya wa ya ba ni umarni. Na ce wayata tana nan da lokutan kira, duk mai so ya duba. Na ce kuma takunkumin da suka gani jiya aka raba, anjima ni zan karɓe. Na ce idan suna son su ji sauran, mata sama da talatin suna tsaye a rana a bakin get tun safe, da takarda.

 Malam Tasi'u ya tashi ya kashe fanka, ban san dalili ba.

Masu duban sun fita get. Sun yi awa biyu a can. Ni na koma na zauna na gama tsince abin da ke gabana.

Juma'a, 25 ga wata, da safe

Mai gadi ya zo gida ya karɓi makulli. Ya ce aiko shi aka yi, in yafe masa. An rufe rumfa har sai an ji daga Alhaji.

Lahadi, 27 ga wata, bayan azahar

A wajen ɗiban ruwa wata ta ce, ba da ni take ba, wai wasu sun ci sun ƙoshi shekara uku sannan suka tuna da Allah. Wata ta ce yanzu kowa ya zauna a gida ya ci gaskiya. Duka biyun na ji, kuma ban ga ƙarya a cikinsu ba. Na cika jarkata.

Talata, 29 ga wata, da yamma

Babu labari.

Alhamis, 1 ga Mayu, da hantsi

Babu labari. Na taya Halilu sharar gona. Ya ce na manta yadda ake riƙe manjagara.

Asabar, 3 ga wata, bayan la'asar

An ce masu saye sun dakatar da kwantena biyu. An ce Alhaji ya je Shanono ya dawo, matan can sun kunna masa saƙon muryar a gabansa. Ban san ko gaskiya ne ba, mutane suna ƙara gishiri.

Na ji turmi a gidan Sabiru. Uwar mijinta ce, na san dakanta.

Laraba, 7 ga wata, bayan magariba

An zauna a ƙofar gidan dagaci tun hantsi har la'asar. Alhaji ya zo da kansa, karo na biyu da na taɓa ganin sa. Yaya Zulaihatu da mata huɗu suka zauna a tabarma ɗaya, Malama Ummu Salma a bayansu tana karanta musu duk abin da aka rubuta kafin su amsa. Ni ina can baya cikin 'yan kallo.

Alhaji ya yarda da kwaɗo biyu da wuri. Ya yarda da maganar masu ciki. Wajen fita ba da izini ba aka daɗe, ya ce kowace malalaciya za ta ce ta ji wari. Yaya ta ce to a ajiye masa kujera a cikin sito ya riƙa shaƙa yana tantancewa. Dagaci ya sunkuyar da kai. Aka rubuta.

Masu saye sun aiko da wasiƙa da lambar waya. Sun yarda su tsayar da saye idan an saɓa, amma na shekara ɗaya suka sa hannu, wai su ga yadda za ta kasance. Matan sun nemi a bar su su je sauran rumfunan da ke sayar wa masu sayen su koya wa matan can, Alhaji ya ce wannan ba huruminsa ba ne, aka bar shi haka. Malam Tasi'u yana nan a kujerarsa. Babu inda aka rubuta abin da ya faru ranar Alhamis, babu sunan Juwairiyya a ko'ina. Sabiru ya tashi kafin a shafa fatiha.

An ce ba za a kori kowa ba saboda wannan magana. Zan koma, amma a matsayin mai tsinta. An ba wata aikin kula da mata.

Mata sun dangwala yatsa ɗaya bayan ɗaya. Na dangwala daga ƙarshe, tawadar ta kusa bushewa.

Juma'a, 9 ga wata, da yamma

Yau aka zaɓi mata ukun da za su riƙe kwaɗo, a tsakar gidan Yaya Zulaihatu. Wannan karon an aiko mini. Na zauna kusa da madafa.

Ta farko babu gardama, Yaya ce. Ta biyu Ramlat, ɗaya daga cikin biyar ɗin, wadda ta iya karatu. Da aka zo ta uku Yaya ta ambaci sunana. Wuri ya ɗauki surutu. Wata ta ce wannan kamar a ba kura ajiyar nama ne. Wata ta ce ta faɗi gaskiya a ranar da ake bukata. Wata ta ce sati uku ta yi kafin ta faɗa. Na tashi zan ce a cire sunana, sai na ga mata suna matsawa a bakin ƙofa.

Juwairiyya ce, uwar mijinta na riƙe da hannunta. Fitarta ta farko ke nan. Aka ba ta kujera. Sai da ta huta sannan ta yi magana, kuma dole kowa ya yi shiru don muryar ba ta fita sosai.

Ta ce, “Ban yafe ba tukuna. Ina roƙon Allah ya ba ni iko, bai ba ni ba tukuna. Amma duk cikinmu ita kaɗai ta san yadda ake matsa wa mutum idan tirela na jira. Ku ba ku taɓa ji ba, ranar farko za ku iya buɗewa. Ita ta riga ta buɗe nata. A ba ta.”

Ba ta kalle ni ba. Aka ce masu so su ɗaga hannu. Ban ɗago kai na ga ko su waye ba. Yaya ta ce sun isa.

Asabar, 10 ga wata, bayan sallar asuba

An yi yayyafi, bai kai na shuka ba.

Litinin, 12 ga wata, da hantsi

An sa magani ƙarfe tara. Mu uku muka tsaya har aka gama lulluɓewa, aka ja ƙofa, suka sa nasu muka sa namu. Ramlat ta rubuta ranar da gawayi a jikin bango, manya manya.

Malam Tasi'u ya tambaya yaushe. Yaya Zulaihatu ta dube ni. Na ce Litinin mai zuwa, sannan a bar shi a buɗe kwana biyu kafin mace ta taka ciki. Ya ce tirela ranar Juma'a za ta iso.

Na ce ta iso, akwai inuwa a gindin ɗorawa.